Sabon Tafinta, Tsohuwar Mai Shaida, da Sunan Malam Ɗahiru

Laraba. Aikin farko: wanke farantan sola na rijiyar burtsatse a Roni, da ɗaure wayar da iska ta kwance.

Abin da na rubuta wa kaina ke nan da safiyar ranar, kuma ban ƙarasa shi ba. Ina kan tsani da soso a hannu wayata ta yi ƙara. Rukayya ce, babbar 'yar Malam Ɗahiru. Ba ta gaishe ni ba, ita da ba ta taɓa fara magana ba tare da gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya Sa'idu, Baba ya cika." Na sauko a hankali na zauna a gindin tanki, na yi ta maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un har bakina ya bushe. Daga nan na ɗaure kayana a babur na kama hanyar Kazaure.

Ni ba marubuci ba ne. Abin da na saba rubutawa ayyukan yini ne, wanda na yi da wanda na bari. Na fara wannan takarda na yaga, na sake farawa, domin ina tsoron kada fushi ya sa ni faɗin abin da ban tabbatar ba. Saboda haka abin da na gani zan ce na gani, abin da nake zato kuma zan ce zato ne.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ɗahiru ya koyar da lissafi a sakandare har ya yi ritaya. Ni ɗalibinsa ne sau biyu: a aji da farko, sannan a zaurensa, inda ya koya wa kansa rubuta manhajar kwamfuta da furfura a gemunsa, ya kuma koya mana. Aikin da aka san shi da shi a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura wani ɗan akwati ne da ake liƙawa kusa da famfon sola. A cikinsa akwai allon lantarki ɗan ƙarami kamar tafin hannu. Aikinsa guda ne: in ruwan rijiya ya ja baya, ya kashe famfo kafin ya yi ta juyawa a bushe ya ƙone. Duk wanda ya taɓa ganin gari ya tara kuɗin famfo ya san darajar wannan akwati.

Malam ba ya barin gari ranar da ya haɗa akwati sai ya ga famfon ya tsaya da kansa, ya kuma tashi da kansa. In rana za ta faɗi, ta faɗi. Mai gari ya aiko da fura, ya sha, ya koma ya zauna a kan dutse yana sauraron bututu. Saman kowane layi da ya rubuta a manhaja yakan ajiye bayani da Hausa, wai don wanda zai zo bayansa kada ya zage shi a kabari. Muna dariya in ya faɗi haka.

Kayan aikinmu biyu ne, kuma shi ya raɗa musu sunayen da har yau muke kiransu da su. Kamfaila, wadda ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa abin da allo ke ganewa, ya ce tafinta ne. Dibaga, wadda ake tambaya in abu ya lalace ta nuna layin da ya jawo ɓarnar, ya ce mai shaida ce. Yakan ce, "Mai shaida ba ta ga komai da idonta ba. Abin da tafinta ya rubuta mata take karantawa. In ba su jin yaren juna, alƙali zai ɗaure marar laifi." Don haka a tsohuwar laftof ɗinsa, wadda aka ɗaure murfinta da salatif, bai taɓa sabunta ɗaya ya bar ɗaya ba. Ya ce ya ɗaura musu aure, kuma shi ba ya raba aure.

A kan yarukan manhaja ba shi da aƙida, sai dai ra'ayi. Yakan ce yare abin hawa ne, hanya ke zaɓar maka. Python motar haya ce: ka shiga ka miƙe ƙafa, direba ya san hanya, amma ba za ta hau duwatsun Kazaure da kai ba, kuma ba ta shiga ɗan allonmu da ƙwaƙwalwarsa ba ta fi cikin cokali ba. Java tirela ce, tana ɗaukar kaya, sai dai kafin ta juya a lungu an yi sallar la'asar. Shi da C yake rubutu. Ya ce C babur ce marar madubi, marar birki na kirki: za ta kai ka inda komai ba ya zuwa, amma ba za ta taɓa ce maka ka kauce ba, in ka faɗi da ƙashinka za ka biya. Wanda ya zo masa da aikin lissafin shago kuwa, Python ɗin yake ce masa ya koya. "Kada ka hau babur zuwa inda mota ke zuwa don a ce kai gwani ne."

Mu biyu muka daɗe a zauren: ni da Nafi'u. Tabarma ɗaya muka zauna, kwano ɗaya Inna Hajara, matar Malam, take aiko mana. Nafi'u ya fi ni kaifin kai, wannan ban taɓa musu ba. Abin da zan yi mako ina juyawa, shi kafin shayi ya huce ya gane. Ya tafi Kano ya yi wasu shekaru, ya dawo ya buɗe shago, ya karɓi aikin kula da rijiyar wani gari a ƙasar Gwiwa da ba zan ambaci sunansa ba. Akwatin Malam ne a rijiyar, yana aiki lafiya tun da aka sa shi. Nafi'u ya yi wa kwamitin ruwa na garin alƙawarin zai sa akwatin ya riƙa aiko musu saƙon waya yana faɗin yawan ruwan tanki. Ya zo ya roƙi Malam manhajar don ya ƙara nasa a ciki. Ina zaune Malam ya kwafa masa a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, bai tambaye shi komai ba sai abu ɗaya.

"Da wane tafinta za ka juya ta?"

"Da sabo, Malam. Naku ai ya tsufa, ko a intanet an daina ganinsa."

"To mai shaidar fa?"

"Ita tana nan yadda kuka sa mana. Ai ba ta da matsala."

"Nafi'u, ka yi wa tsohuwa sabon miji, ba ka tambaye ta ko tana jin yarensa ba."

Nafi'u ya yi dariya ya ce Malam ba ya rabo da zancen aure. Ya ɗauki filas ɗinsa ya fita.

A tsakiyar bazara famfon ya ƙone. Ruwa ya ja baya, akwatin bai kashe shi ba. Garin ya koma jan ruwa a wata tsohuwar rijiya mai nisa, mata da yara da jarkoki tun asuba. Aka kira taro a ƙofar gidan mai gari, aka aiko wa Malam, na ɗauke shi a babur muka je. Nafi'u ya shimfiɗa laftof a kan benci, ya haɗa ta da akwatin, ya ce zai tambayi na'ura a gaban kowa wane layi ne ya ɓata adadin ruwa har akwatin ya ɗauka rijiya cike take. Ya danna. Dibaga ta tsaya a kan wani layi, ta haska shi. Saman layin akwai bayanin Malam da Hausa, saman shafin kuma sunansa. Nafi'u ya juya fuskar laftof ɗin ga jama'a ya ce, "Ni ban ce komai ba. Na'ura ba ta ƙarya."

Malam ya gyara zaman tabaransa ya duba. Ya ce, "Layina ne, amma ba shi ya yi ba. A ba ni aikin gaba ɗaya, da naka a ciki, in juya shi a gida in gani."

Nafi'u ya ce abin da ya ƙara sirrin sana'arsa ne. Na miƙe na ce a ba mu ko na kwana ɗaya ne. Shugaban kwamiti ya ce in zauna, ɗan gida ba ya yi wa gida shaida. Wani dattijo daga baya ya ce, "Malam, tsufa ba laifi ba ne, amma da kun ji hannu ya fara rawa sai ku faɗa." Malam ya naɗe dardumarsa ya ce in tayar da babur. Sai da muka iso ƙofar gida a Kazaure ya ce, "Sa'idu, kada ka taɓa yanke hukunci da mai shaida ɗaya."

Labari ya riga mu isowa. Garuruwan da suka saba kiransa suka daina. Wani gari a Babura suka cire akwatinsa da ke aiki ƙalau suka aiko masa da shi a buhu. A majalisar da yake zama bayan la'asar wani ya kira shi mai ƙona famfo da sunan wasa, daga ranar bai sake zuwa ba. Rukayya, da take karatun kwamfuta a makarantar gaba da sakandare, ta gaya mini har a ajinsu an tambaye ta ko a gida ta koyi ƙona kaya. Malam ya aika wa Nafi'u ya kawo aikin, ya sake aikawa. Kullum amsar ita ce yana tafe.

Malam ya daɗe da hawan jini, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Ba zan ce Nafi'u ya kashe shi ba, ba ni da wannan ilimin. Abin da na sani shi ne mutumin da ya saba cika zaure da dariya ya yi watanninsa na ƙarshe yana buɗe shafi ɗaya yana karanta layi ɗaya, yana neman laifin da babu shi.

Ranar jana'iza, bayan an sallace shi, yayansa Alhaji Ubale ya juyo ga jama'a kamar yadda aka saba. Ya ce, "Jama'a, ɗan'uwanku ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya saɓa wa, don Allah ya yafe masa." Mutane suka amsa ƙasa-ƙasa. Murya ɗaya ce ta fita sama da ta kowa, daga sahun gaba: "Mun yafe masa, wallahi mun yafe masa." Nafi'u ne. Wasu suka juya suka dube shi suna gyaɗa kai, irin kallon da ake yi wa mai haƙuri. Na ji wani a bayana yana cewa yaron nan ɗan halak ne, duk da asarar da tsohon ya jawo masa.

Na ɗauki makara da wannan kalma a kunnena. Na zuba ƙasa da ita. Har yau in na rufe ido ita nake ji.

Bayan sadakar bakwai sai ga Nafi'u a shagona. Ya zauna, ya yi mini gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ajiye filas a kan tebur. Ya ce garin sun samu sabon famfo, amma ya gwada akwatin da ƙwan lantarki a madadin famfo, har yanzu ba ya kashewa. "Mutumina, kai ka fi ni sanin hannun Malam. Ka duba mini inda tsohon ya kuskure." Abin da ya hana Malam yana raye, shi ya kawo mini da hannunsa. Na ce ya bari zan duba.

Inna Hajara ta ba ni tsohuwar laftof ɗin. Na juya aikin da tsohon tafinta, na tambayi tsohuwar mai shaidarsa. Ba ta je kusa da layin Malam ba. Kai tsaye ta tafi cikin abin da Nafi'u ya ƙara. Ya ware wa saƙon waya ɗan wuri, saƙon ya fi wurin tsawo, ragowarsa ta malala ta hau kan maƙwabcinsa, inda ake ajiye adadin ruwan rijiya. C ba ta hana ka haka, babur ce. Shi kuwa sabon tafinta, don neman sauri, ya ɗauki aikin Nafi'u ya cusa shi a tsakiyar na Malam, ya rubuta bayanin hakan da sabon salon da tsohuwar mai shaida ba ta iya karantawa. Da aka tambaye ta a gaban mai gari, sai ta nuna gidan da ɓarawo ya kwana, ba ɓarawon ba.

Ban yarda da kaina ba. Na ce ƙila son zuciya ne ya nuna mini abin da nake so in gani. Na nemo sabuwar mai shaida wadda ta dace da sabon tafinta na sake gwadawa, ta nuna wuri ɗaya. Na kai wa Rukayya aikin ban gaya mata abin da na gani ba, na ce ta bincika da kanta. Washegari ta kira ni, ta faɗi layin, na ji tana kuka. Shaidu sun cika yadda Malam ya koyar.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Layin Malam, wanda aka haska a gaban jama'a, na same shi a kashe. An sa masa alamar da ke hana shi aiki, an rubuta wani a madadinsa. Ke nan an riga an cire shi, matsalar ba ta tafi ba.

Na je shagon Nafi'u na jira masu sayayya suka fita. Na buɗe masa na nuna. Ya daɗe yana kallo.

"Sa'idu, wallahi ranar taron ban sani ba."

"Na yarda. Yaushe ka kashe layin Malam?"

Ya shafa kai. "An ɗan jima."

"Kafin ruwan farko ko bayansa?"

"Kafin."

"Malam ya ga shuka ta kai gwiwa kafin ya rasu. Duk wannan lokacin ka san ba shi ba ne. Gidansa ba nisa, da ƙafa kake zuwa cin tuwo."

"In na faɗa wa zai ƙara ba ni aiki? Ina da iyali, Sa'idu."

"Shi a kan bishiya yake kwana?"

"To yanzu me kake so? Mutumin nan ya tafi. Ka yafe mini, mu rufa wa juna asiri."

"Ai kai ne mai yafiya. Duk Kazaure ta ji ka. Ni ba sunana ka ɓata ba, ba ni da abin da zan yafe. A inda ka ɗora masa, a can za ka sauke."

Ya ce ni da shi kwano ɗaya muka ci. Na ce na tuna kwanon, na kuma tuna mai shi.

Na gaya wa Inna Hajara komai, har da niyyata ta komawa garin in bayyana gaskiya. Ta saurare ni tana jan carbi, ta ce, "Ɗana, ka bar shi da Allah. Da malaminka na nan cewa zai yi a bari." Na ce, "Inna, abin da ke tsakaninsa da Allah na bar masa. Amma Rukayya da ƙannenta da sunan nan za su yi aure, da shi za su nemi aiki." Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Ta tashi ta ɗauko jakar laftof ɗin da na maido mata, ta sake miƙo mini.

Na san Malam ya fi ni zuciya mai kyau. Ƙila da gaske zai ce a bari. Na juya wannan a raina, ina tambayar kaina ko don shi nake yi ko don in ga Nafi'u ya sunkuyar da kai. Gaskiya duka biyun ne, kuma ba zan ɓoye na biyun a bayan na farko ba. Ina so ya tsaya a ƙofar gidan mai gari, a gaban dattijon da ya yi zancen rawar hannu, ya ji yadda ƙasa ke yi wa mutum nisa in jama'a sun zuba masa ido. Na gyara akwatin, domin mutanen garin ba su yi laifin da za a hana su ruwa ba. Wurin saƙon na faɗaɗa, layin Malam na mayar yadda yake, ko wasali ban taɓa ba. Gobe ranar kasuwarsu ce, kwamiti zai zauna. Na aika wa Nafi'u cewa in ya zo ya faɗa da bakinsa, ba zan ƙara kalma ɗaya ba. In bai zo ba, na'urar da ya ce ba ta ƙarya za ta yi magana, wannan karon da tafintan da take jin yarensa.

Ya Allah, ga bawanka Ɗahiru ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Kowane ɗigon ruwa da famfo ya ɗaga saboda aikin hannunsa, wanda mutum ya sha ko dabba ko shuka, ka sa shi a mizaninsa. Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Inna Hajara haƙuri da lafiya, ka raya Rukayya da ƙannenta, ka sa su gaji iliminsa da kyawun halinsa, ka tsare su daga bakin mutane. Wanda ya zalunce shi kuma, kai ne mai shaidar da ba ya bukatar tafinta. Mu da muka rage, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Ayyukan gobe:

A cika batirin laftof ɗin Malam, a ɗauki igiyar caji da ta allo.

A sa akwatin a jaka, da ƙwan gwaji.

A biya a ɗauki Rukayya. Ita za ta danna, ba ni ba.

Farantan Roni har yanzu ba a gama wanke su ba.

A mayar wa mutanen Babura akwatinsu, a cikin buhun da suka aiko shi.

A roƙi mai gari kujera ɗaya a gaba, don Nafi'u. In bai zo ba, kada kowa ya zauna a kanta.